Filin Tambayoyinku: "Anti, Baba yace wa ya taɓa cin abinci da kallon tsuntsu?"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Haɗeja ce shekarata 19, likitanci na nema amma makina bai kai ba sai Jami'ar Jos ta bani kwas ɗin kimiyyar dabbobi. Wallahi da farko kuka na dinga yi kamar an min mutuwa, amma yanzu mun gama zangon farko kuma abin mamaki na fara son abun, musamman wani darasi da aka mana kan yadda halittu ke rayuwa da junansu da wajen da suke zaune, wanda ake cewa ikoloji, har naji shi nakeso ya zama aikina. Damuwata biyu ce. Ta farko garin, wata huɗu kenan daga hostal sai aji sai masallaci, ban san ko'ina ba saboda a gida an cika min kunne wai Jos garin rikici ne kar in kuskura in fita, ga sanyi kamar a firij. Ta biyu Baba, da na faɗa masa a waya dariya yayi yace wa ya taɓa cin abinci da kallon tsuntsu, gara in sake zana JAMB. Ni kaina Anti ban san inda masu irin karatun nan suke aiki ba. Ya zanyi?

Ƙanwarki daga Haɗeja

AMSA

Wa alaikis salam ƙanwata. Saida na gama dariya tukunna na ɗauki biro, don maganar Babanki kusan ita mahaifina ya faɗa min lokacin da nake inda kike yanzu, shi dai nasa cewa yayi "wato makaranta muka kaiki ki koyi farauta". Allah ya jiƙansa.

Bari in fara cire miki ƙaya ɗaya. In har cikin ranki likitancin yana nan yana miki susa, ki sake zana jarabawar, ba abin kunya bane kuma ba zan hanaki ba. Amma wasiƙarki ba ta yi min kama da ta mai kukan likitanci ba, ta yi min kama da ta wadda ta tsinci dami a kala tana tsoron ɗauka. Saboda duk Najeriya in aka ce min ga yarinya tana son wannan fannin a wane gari za a ajiye ta, Jos zance, ke kuma gashi an kawoki har cikinsa kina zaune a ɗaki kin ƙudundune cikin bargo.

Maganar rikici ba ƙarya iyayenki suka yi ba. Anyi na Satumban 2001, anyi na Nuwamban 2008, anyi na Janairun 2010, an rasa rayuka masu yawa, kuma tun daga nan unguwanni suka rabu, wannan ta Musulmi wannan ta Kirista, har yau in abu ya taso gari yakan ɗau zafi cikin awa ɗaya. To amma mutane suna zaune a garin, suna zuwa kasuwa suna aure suna haihuwa. Abinda 'yan gari suke yi shi za kiyi. Ki tambayi 'yan ajin gaba da ke wace hanya ake bi wace ake kaucewa, ki dawo kafin magariba, ranar zaɓe ko ranar da kikaji ana ƙus-ƙus a makaranta ki zauna a ɗaki, kuma kar ki fita ke kaɗai. Abu mafi amfani da nayi a shekarata ta farko shine ƙawance da wata 'yar ajinmu Berom, ita ta san garin kamar tafin hannunta, in tace yau ba a bi ta can to ba a bi, ni kuma in zamu shiga Unguwar Rogo ko Bauchi Road ni ce a gaba. Kuma ba za ki sha wahalar yare ba, Hausa ce yaren kasuwa da mota a Filato, kowa yana ji. An hana acaba a cikin gari tun shekarun baya, Keke da tasi ne abin hawa.

Sanyi kuwa maganinsa kasuwar Katako, kije ɓangaren gwanjo ki sayi rigar sanyi mai kauri guda biyu da safa da takalmin kambas. Ni da atamfa da ɗan mayafi na sauka a garin nan cikin watan Disamba, daren farko har haƙorana saida suka dinga haɗuwa. Dalilin sanyin ma darasi ne a gareki, garin yana kan tudu sama da mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere da kike hangowa ta gabas sun haura mita 1,800, kuma ruwan saman da Jos ke samu a shekara ya ninka na Haɗeja. Shi yasa dankalin turawa da sitiroberi suke yi a can basa yi a wajenku.

Yanzu ga yadda nakeso ki zaga garin. Ki sayi ƙaramin littafi da fensir, fensir nace ba biro ba, ni ruwan Agusta ya taɓa wanke min rubutun sati uku a cikin jaka, tawada ta zama shuɗin ruwa ina kallo ina hawaye. Duk inda kikaje ki rubuta kwanan wata, lokaci, waje, da abinda kika gani. Shikenan fa, wannan shine asalin aikin, duk manyan furofesoshin da kike ji da haka suka fara.

Ki fara da kasuwar Farin Gada da sassafe. Ki kalli kabeji da karas da koren wake da latas da ake saukewa, sai ki tambayi mai sayarwa daga ina kayan suke kuma da wane ruwa ake ban ruwa. Wasu za su ce miki bakin kogin Dilimi, wasu za su ce kududdufin kuza. To nan labarin ya fara. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suke haƙar kuza a tudun nan, kakanninmu da yawa daga ƙasar Hausa aikin kuza ya kaisu can, da harkar ta mutu aka tafi aka bar ramuka birjik wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, ruwa ya cika su, ga tulin jar ƙasa a gefe wadda ciyawa ma da ƙyar take kamawa. Daga nesa gwanin kyau, ruwa shar kamar a hoto, amma dan Allah kar ki shiga kuma kar ki tsaya a gaɓar don ɗaukar hoto, suna da zurfi kuma sun ci mutane. Ki tsaya nesa ki tambayi kanki me ke rayuwa a cikin ruwan nan, wane tsuntsu ke zuwa, me ke cikin ruwan da ake zuba wa latas ɗin da muke ci ɗanye. Kinga ba ki bar gari ba kin samu abin da zai isheki furojet ɗin aji huɗu.

Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, kije ko don ki ga gumakan yumɓu na Nok, suma a wajen haƙar kuza aka fara tono su, kuma a harabar akwai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya da aka gina da ƙasa. Akwai gidan zu a gefensa, akwai kuma babban gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Kije ki gani sau ɗaya, amma ni a ganina dabba a keji ba ta koya wa mutum ikoloji, shingen kerana da manoman Berom ke kewaye gonakinsu da shi ya fi keji abin kallo, ki tsaya minti 20 a jikinsa ki ƙirga ƙadangaru da ƙwari da tsuntsayen da ke shiga da fita.

Wajen da nakeso ki sa a ranki kuwa shine dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, bai fi tafiyar kilomita 15 daga gari ba. Ɗan ƙaramin daji ne, kamar hekta 300, duwatsu ne da kurmin bakin rafi da fili mai ciyawa, mutanen ƙauyen ne suka tsare shi tun kaka da kakanni. A cikinsa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ake cewa APLORI, tana ƙarƙashin jami'arku ɗin nan, tun farkon shekarun 2000 take bada digiri na biyu kan kare halittu, ɗalibai kaɗan ake ɗauka a shekara daga Najeriya da maƙwabta kuma an saba ɗaukar nauyinsu. Akwai wani ɗan jan tsuntsu dangin wanda muke cewa baiwar Allah da ke zama a duwatsun wajen, sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne daban suka sa masa suna. Ki duba fa, 1998, jiya-jiyan nan, a bayan gari.

Ranar da na fara zuwa, ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fita, hazo ya rufe duwatsu hannuna ya ƙage don sanyi. An kafa wata raga siririya kamar gashi tsakanin sanduna biyu, in tsuntsu ya faɗa sai a zare shi a hankali a saka a 'yar jakar yadi. Wani ɗalibi ya ciro guda ɗaya, ruwan ƙasa ne ba wani kyau, ya riƙe wuyansa tsakanin yatsu biyu, ya auna fiffike da 'yar rula, ya hura gashin cikinsa don ya ga kitse, ya ɗora a sikeli bai kai giram 20 ba, sannan ya maƙala masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Sai yace min wannan daga Turai yazo, ya ƙetare teku ya ƙetare Sahara, kuma in damina ta matso zai koma. Ya ɗora min shi a tafin hannu, ina jin zuciyarsa tana bugawa dar-dar-dar, na buɗe hannu yayi fir ya tafi. Daga ranar ban sake tunanin canza kwas ba.

Ba sai kin gama digiri za ki leƙa ba. Ki tambaya a sashenku wane malami ne yake da alaƙa da cibiyar, ki gaishe shi ki ce kina son bin masu fita ƙirgar tsuntsu, akwai ƙungiyar masu kallon tsuntsaye a Jos, akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 ta kowane gefe, 'yan sa-kai ke shiga suna rubuta abinda suka gani a manhajar BirdLasser. Da wayarki za ki fara, madubin hangen nesa a ara miki kafin ki sayi naki. In lokacin aikin koyon sana'a na wata shida yazo, can za ki nema tun da wuri kar ki bari a turaki ofishin da za ki wuni kina sayo wa mutane abinci.

To mu dawo kan Baba, don tambayarsa tana kan hanya. Gaskiya ɗaya ce, wannan ba layin da ake kuɗancewa da wuri bane, guraben ba su da yawa kuma da dama aikin kwantiragi ne, in kuɗin shiri ya ƙare a sallameki. Ni na taɓa yi wa wata ƙungiya aikin wata huɗu a daji, rana ta ƙona ni ƙaya ta yage min zani, rabin kuɗina har yau ban gani ba. Amma wuraren suna nan. Akwai ma'aikatun muhalli na jihohi da ta tarayya, akwai NESREA da aka kafa a 2007 mai sa ido kan dokokin muhalli, akwai hukumar gandun dajin ƙasa mai kula da irinsu Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, akwai Yankari da ke hannun jihar Bauchi, akwai hukumar Babbar Koriyar Ganuwa mai yaƙi da kwararowar hamada a jihohi 11 har da Jigawarku, akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ACReSAL, na Bankin Duniya, dala miliyan 700, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu na kare namun daji da muhalli irinsu NCF da WCS. Akwai koyarwa a jami'a da kwalejoji, kwalejin gandun daji ta tarayya ma a nan Jos take. Sannan wanda mutane basu cika sani ba, tun 1992 doka ta wajabta kafin a gina babban dam ko babbar hanya ko masana'anta sai anyi binciken illar da zai yi wa muhalli, kamfanoni masu zaman kansu ne ke wannan aikin kuma suna ɗaukar wanda ya iya gane tsiro da tsuntsu da kifi ya rubuta rahoto. A nan ne na ga 'yan ajinmu sun fi samun na cefane.

Amma kwalin kaɗai ba ya buɗe ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan, dubban mutane suna da irinsa a ƙasan akwati. Wanda ake kira shine wanda ya iya haɗa taswira a kwamfuta, ya iya lissafin alƙaluman da ya tattaro, ya iya rubuta Turanci mai tsabta. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, ta lissafin alƙaluma mai suna R kyauta ce, darussansu sun cika YouTube, in kin samu ko tsohuwar laftof ce ki fara tun aji biyu, kuma kar ki raina darasin lissafin nan da kowa ke gudu don shi ne zai rabaki da sauran. Ki riƙe makinki da kyau saboda masu bada sikolashif ɗin mastas shi suke fara dubawa.

Sai kuma jarin da kike da shi wanda baki lissafa ba. Ke 'yar Haɗeja ce. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru tana cikin wuraren da masana tsuntsaye na duniya suka fi sani a Afirka ta Yamma, tun 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin muhimman dausayin duniya da ake kira Ramsar, dausayin Baturiya na Jigawa ma daga baya ya shiga, duk watan Janairu ana zuwa ƙirgar tsuntsayen ruwa a can. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 a kan kogunan da ke zubowa cikin kogin Haɗeja, tafiyar ruwan ta canza, ambaliyar da ke zuwa ta janye a lokacinta ta rikice, doguwar ciyawar ruwan nan kachalla ta samu wajen zama ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, jan baki kuma ya samu mafaka a cikinta yana fitowa ya share gero da shinkafa. Nasan Babanki ya san wannan fiye da ni. To in kinje hutu kar ki ce masa tsuntsu za ki kalla, ki zauna kusa da shi bayan la'asar ki tambaye shi yadda kogin yake lokacin yana yaro, wane kifi ake kamawa da yanzu babu, yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta, gauraka fa, shamuwa har yanzu tana zuwa gabanin damina kamar da? Ki rubuta duk abinda yace. Sannan ki gaya masa karatunki shine neman dalilin da yasa haka ta faru da yadda za a gyara. Bature zai zo da digiri uku amma sai ya nemi tafinta kafin yayi magana da masunci, ke kuwa "sannu Baba ya ruwa" kawai za ki ce a shimfiɗa miki tabarma, kuma ke mace ce za ki shiga cikin gida wajen matan da ke yin itace da ɗiban ruwa inda namiji ba ya shiga. Masu ɗaukar aiki sun san darajar wannan.

Ki rubuto min bayan zango na biyu inji tsuntsu nawa kika rubuta a littafin. Ki gaida Baba.

TAMBAYA

Salam Hajiya. Ni manomi ne kuma ɗan kasuwa a Maraɗi, ɗana ya samu makaranta a Yamai yace fannin ruwa da daji zai karanta. Ni dai abinda na sani da 'yan gandun daji shine tara da kwace gatari. Wannan karatun mutunci ne?

Wani uba daga Maraɗi

AMSA

Wa alaikas salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ai ku ne ya kamata mu tambaya, don abinda ake koya wa ɗalibai a jami'o'in duniya yau a gonakinku aka yi shi. Sassaben zamani nake nufi, wato manomi ya daina tumɓuke kututture, ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi guda biyu ko uku ya sassabe sauran ya barsu su zama bishiya. A yankinku aka fara yaɗa shi a shekarun 1980 tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, galibi ba dasa su aka yi ba. Kai ka san abinda gawo ke yi wa gero, yana zubar da ganye da damina ya bar rana ta shiga ya kuma taki ƙasa. Abin da ya sa ya yiwu har da sassaucin da aka samu, manomi ya ji cewa itacen da ya raina nasa ne ba na mai kaki ba. Ɗanka in yayi karatun da kyau ba lallai ya ƙare da littafin tara a hannu ba, akwai aikin farfaɗo da ƙasa, akwai kula da raƙuman dawa na Kure da ke kusa da Yamai ɗin. In yazo hutu ka kaishi gona ya nuna maka abinda aka koya masa, kai ma ka nuna masa naka.

TAMBAYA

Anti ni namiji ne aji uku a fannin tsirrai, sunayen Latin ɗin nan sun ƙi zama a kaina, dabara dan Allah.

Ɗalibi daga Zariya

AMSA

Ƙanena ka daina haddar su a kan gado. Ka ɗauki bishiya goma da ka sani tun kana yaro, kuka, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, marke, kanya, giginya, goruba, gawo, aduwa, ka nemo sunan kowacce ka rubuta a gefen na Hausa, kullum in za ka wuce ta ka kira ta da sunan biyu a bayyane ko da za a ce ka zare. Sati biyu ka ƙara goma. Wadda baka gane ba ka ɗauki hoton ganye da fure da ɓawo ka ɗora a manhajar iNaturalist mai taimakawa wajen gane halittu, sannan ka kai ganyen wajen masu maganin gargajiya a kasuwar Sabon Gari su faɗa maka sunanta na Hausa, amma ka sayi ko na naira ɗari ne kafin ka fara tambaya.